Digiri Uku

Ɗakin nan ba shi da taga.
Da gangan aka shafe bangonsa da ruwan toka,
don kada ido ya yi son kai.
A waje Valparaíso ta shanya gidajenta a kan tuddai,
ja, ɗorawa, ruwan hoda, kamar wankin gidan yawa,
ni kuwa ina cikin duhu da allo biyu
da kofin shayin da ya huce tun hantsi.

Mariniya ce ni, sai dai hannuna bai taɓa jiƙewa ba.
Haske nake rinawa.

Aníbal ya kawo fim ɗinsa na masunta,
wata goma sha ɗaya yana bin su a gaɓar Portales.
Ya ce, "Eulalia, ɗumama min shi, sanyinsa ya yi yawa."
Na liƙa 'yar manhajar juya launi a jikin uwarta,
na buɗe da'irar:
ja na maƙwabtaka da ruwan lemu,
kore ya jingina da shuɗi,
kowa da gidansa, amma ba katanga.

Nan gizo ke saƙar.
Ka taɓa rigar ceto mai ruwan lemu,
fuskar mai rigar ta biyo ta a guje,
don fatar ɗan Adam da wannan riga unguwarsu ɗaya.
Na matsa kaɗan, tsoho Belisario ya koma mai ciwon shawara.
Na dawo kaɗan, sai ka ce ya sha mari.
Dole na kewaye fuskarsa da shinge, hoto bayan hoto,
na ce wa manhajar, nan ba huruminki ba ne.

Kwana tara ina kallon bakinsa yana motsi ba sauti.
Na san tabon da ƙugiya ta bar masa a babban yatsa,
na san yadda yake runtse idon hagu in zai ja koma.
Ban san ya rasu ba sai ran Talata.

Ran Alhamis 'yarsa Nélida ta zo,
rigar sanyinta na ƙanshin sabulu da gishirin teku.
Ta ɗosana a bakin kujera kamar wadda za a kora.
Na kunna.
Ga ruwa, ga tsuntsaye, ga kwalekwalen yana tahowa.
Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi,
"Wannan ba koren babana ba ne."

Na nuna mata ma'auni, layuka sun zauna daram,
na ce lamba ba ta ƙarya.
Ta ce ita ba ta san lamba ba.
Ta dai san ragowar gwangwani biyu ne,
ɗaya na ƙofar coci, ɗaya na motar maƙwabci,
ya gauraya su da guntun sanda
tana tsugune tana riƙe masa murfi.
Koren da ba a sayar da shi a kanti.

Na tsame launin kwalekwalen shi kaɗai,
na bar teku inda take, na bar sama.
Na murɗa. Digiri ɗaya wajen shuɗi.
"A'a."
Biyu.
Shiru, sai gurnanin fankar kwamfuta.
Uku.
Ta dafe hannuna a kan maɓallin, yatsunta sanyi ƙalau.
"Tsaya nan."

Mun daɗe a haka, mu biyu da tsohon,
yana ɗaure igiya a allo, bai san da mu ba.

Aníbal zai rantse bai ga bambanci ba,
masu kallo ma haka, suna tauna gugguru.
Da zan adana saitin, manhajar ta nemi suna.
Na rubuta: ragowar gwangwani biyu.

Da na fito dare ya yi,
fitilun titi sun mai da garin duka ɗorawa,
har da hannuna, har da kare a bakin matakala.
Ban gyara komai ba.
Na sauka a hankali, ina jiran idona ya saba.